Tarihin Manhajar Sauti ta Sata da Abin da Ake Ɓoyewa a Cikinta

Idan kana cikin masu neman manhajar haɗa sauti da aka fasa domin kada ka biya kuɗi, tsaya ka ji yadda abin ya faru a baya.

A watan Yunin 2019, kamfanin tsaro na ESET ya tona asirin wata muguwar manhaja da ya kira LoudMiner, wadda ke yawo tun watan Agustan 2018. A shafi ɗaya tak aka samu manhajojin sauti na sata har 137, irin su Ableton Live. Ka sauke, ka ɗora, komai yana aiki lafiya lau. Amma a bayan fage an dasa wata ƙaramar kwamfutar Linux a cikin taka, tana haƙo kuɗin kirifto na Monero tana tura wa ɓarayin.

Me ya sa suka zaɓi masu aikin sauti? Saboda kwamfutocinsu masu ƙarfi ne, kuma sun saba jin fanka tana ihu idan suna aiki, don haka ba sa zargin komai.

A tsakiyar 2020 sai ga wata mai suna ThiefQuest a kwamfutocin Mac, cikin kwafin sata na Mixed In Key. Ita wannan tana kulle fayilolinka ta nemi dala 50 ta Bitcoin, tana kuma naɗar duk abin da ka rubuta, har da kalmar sirri. Ko ka biya, babu wata hanyar tuntuɓar su.

To ɗan uwa, wayarka ma ba ta tsira ba. APK ɗin da aka gyara ya buɗe maka Spotify ko FL Studio Mobile kyauta, wani ne ya warware shi ya sake haɗawa, kuma ba ka san me ya ƙara ba. A wayar nan fa manhajar bankinka take.

Sannan akwai haƙƙi. Mutane ne suka ɓata shekaru suna rubuta manhajar, kai ma ba za ka so a sayar da waƙarka ba tare da saninka ba.

Idan babu kuɗi, Audacity kyauta ce a kwamfuta, BandLab kuma tana Play Store. Idan ka taɓa ɗora ta sata, goge ta yau, ka canza kalmomin sirrinka.