Dilar bosho, daga Kwatano zuwa Kasuwar Dole

Asalin gwanjo ciniki ne na bainar jama'a, dillali na kiran kuɗi, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Daga baya sunan ya koma kan tufafin Turai da aka riga aka sa, waɗanda mu nan muke ce wa bosho.

Najeriya ta daɗe da hana shigo da su. Shi ya sa alhazan Maraɗi suka riƙa sauke diloli a Kwatano, su biyo ta Gaya, sannan kayan su tsallaka Jibiya har Kano. Abin da ya tsaya wajenmu shi muke tonawa.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Sabon yadi ya gagari ma'aikaci, har mai jin kunyar bosho ya koyi sammako ranar fasa dila, tunda mai zaɓen farko ke tsintar na kirki. Na yamma sai tarkace, ko da araha.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Kuɗin hanya ya hau kan dila, kuma uwar da ke neman rigunan sanyin yara a Kasuwar Dole ta Damagaram ita ke biyan sa.