Asfandyar Wali Khan, Jikan Mai Jar Riga

Ina sabon shiga gidan rediyo aka yi zaɓen Pakistan na watan Mayun 2013, kuma ni aka ɗora wa fassara labaran ƙetare. Kowa hankalinsa na kan Nawaz Sharif da Imran Khan. A can ƙasan takardar akwai layi ɗaya da ke cewa Asfandyar Wali Khan ya sha kaye a mazaɓarsa ta Charsadda. Na tsallake shi saboda sunan ya yi wa harshena nauyi. Sai bayan shekaru na gane cewa babban labari na zubar a kwandon shara.

An haife shi a 1949 a gidan da siyasa ta zama gado. Kakansa shi ne Khan Abdul Ghaffar Khan, wanda ake kira Bacha Khan, mutumin da ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, wato masu hidima don Allah, a 1929. Jajayen riguna suke sanyawa, sun kuma yi rantsuwar fuskantar Turawan Ingila ba tare da makami ba. A tsakanin Pashtunawa, waɗanda duniya ta sani da bindiga da ramuwar gayya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bacha Khan bai goyi bayan raba Indiya ba, shi ya sa bayan 1947 sabuwar ƙasar ta riƙa yi wa zuriyarsa kallon marasa kishi. Mahaifin Asfandyar, Abdul Wali Khan, ya jagoranci adawa a majalisa zamanin Zulfikar Ali Bhutto, shi ma ya san kurkuku ciki da bai.

Ɗan bai tsira ba. A watan Fabrairun 1975 bom ya kashe Hayat Sherpao, na hannun daman Bhutto, a Jami'ar Peshawar. Gwamnati ta haramta jam'iyyar mahaifinsa, aka kama Asfandyar, bai shaƙi iskar ƴanci ba sai bayan da sojoji suka kifar da Bhutto.

Akwatin zaɓe kuwa bai taɓa yi wa gidan nan kara ba. A 1990, shekarar da Asfandyar ya shiga majalisar lardi, wani malami, Maulana Hassan Jan, ya kayar da mahaifinsa, tsohon ya haƙura da takara daga nan. Asfandyar ya ci kujerar majalisar ƙasa a 1993, ya maimaita a 1997, ya zama shugaban jam'iyyar ANP mai alamar fitilar ƙwai a 1999. A 2002, lokacin da fushin mamayar Amurka a Afghanistan ke tafasa, ƙawancen jam'iyyun addini ya share lardin, har da kujerarsa. Majalisar dattawa ya raɓa a 2003.

Shekarar 2008 ce tasa. Ya koma majalisar ƙasa, jam'iyyarsa ta kafa gwamnatin lardi ƙarƙashin Ameer Haider Khan Hoti. Cikin shekaru biyu ya cim ma abin da kakansa da mahaifinsa suka mutu suna nema: gyaran tsarin mulki na 18 a 2010 ya cire wa lardin sunan da Turawa suka laƙaba masa, na Iyakar Arewa maso Yamma, ya zama Khyber Pakhtunkhwa, aka kuma ƙara wa larduna iko. Mutanen Hazara, waɗanda ba Pashto ne harshensu ba, sun yi zanga-zanga a Abbottabad har aka rasa rayuka.

Farashin ya yi tsada. A watan Oktoban 2008, yana karɓar masu gaisuwar salla a gidansa na Wali Bagh, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bom. Ya tsira, wasu ba su tsira ba. Daga nan ya rage zama a Charsadda, abokan hamayya suka samu abin faɗa. Ni ina ganin nan ne ya fara rasa mutanensa, don talakan da ba shi da wurin gudu ba ya mantawa da wanda ya tafi. An gwada sulhu da Taliban a Swat a 2009, ya wargaje. An kashe ɗan Mian Iftikhar Hussain a 2010, aka kashe Bashir Bilour a watan Disambar 2012. Ga kuma zargin cin hanci da ya dabaibaye gwamnatin lardin, wanda jinin da suka zubar bai wanke shi a idon masu zaɓe ba.

Haka suka shiga zaɓen 2013, Taliban ta ambaci sunan jam'iyyarsu cikin waɗanda za ta kai wa hari. Wasu na cika filaye da taro, su suna kamfe a ɓoye cikin zauruka. Wani malamin JUI-F, Maulana Gohar Shah, ya karɓe kujerar Asfandyar, kamar yadda aka yi wa mahaifinsa shekaru 23 da suka gabata. Ya sake gwadawa a 2018, ɗan takarar jam'iyyar Imran Khan ya kayar da shi. A 2024 shugabancin ANP ya koma hannun ɗansa, Aimal Wali Khan.