Daga Maƙera Zuwa Guanzu: Tafiyar Ƙaramar Adda

Mahaifina maharbi ne. Ban taɓa ganinsa ya shiga daji ba tare da gajeriyar adda a cikin kube ba. Da ita yake saran kirare, ya share hanya, ya yi fiɗa.

Shigowar ƙarfen waje ƙasar Hausa tsohon al'amari ne. Kasuwar Kurmi ta Kano ta kafu zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Da Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, ana yi musu ƙota da kube a gida. Zamanin Turawa sai adda mai tambarin kada ta kamfanin Martindale na Ingila ta cika kasuwanni, maƙera kuma suka koma ƙera wuƙaƙe da ƙarfen tsofaffin motoci.

Yau fataucin ya karkata Sin. Titin Zhanxi, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guanzu, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, ya fi shahara da agoguna. Cibiyar wuƙaƙe kuwa tana Yangjiang, a lardin Guangdong, inda Guanzu ma take.

Ma'aunin adda mai kyau da mahaifina ya koya mini bai sauya ba: ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, nauyi ya rinjaya gaba, baki ya karɓi wasi a dutse. Idan za ka saya, duba waɗannan kafin ƙyalli.