Tarihin Gidajen Abinci a Birnin Yawunde

Yawunde ita ce hedkwatar ƙasar Kamaru, maƙwabciyar Nijeriya ta gabas. Baƙon da ya shiga birnin zai tarar da wuraren cin abinci iri-iri. Akwai manyan gidajen abinci masu tsada, akwai rumfunan bakin titi, akwai kuma tukubar masu tsire. Ba lokaci ɗaya aka buɗe waɗannan wurare ba. Kowane iri yana da zamanin da ya kawo shi, kuma da yawa daga cikinsu matsin rayuwa ne ya sa aka buɗe su.

Jamusawa ne suka kafa sansani a wurin a ƙarshen shekarun 1880, a ƙasar mutanen Ewondo. Ba a daɗe ba sai fatake Hausawa suka fara zuwa daga arewa, wasunsu kuma suka zauna. Unguwar da aka fi saninsu da ita, ita ce Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga wani wurin yin bulo da ke can a dā. A cikin waɗannan baƙi akwai mahauta, kuma su ne suka koya wa mutanen kudu cin tsire. A Kamaru ana kiran tsire "soya", wato daga kalmar Hausa "suya". Shanun da ake yankawa daga Adamawa ake kawo su, da farko a ƙasa, daga baya kuma a jirgi, bayan layin dogo ya isa Ngaundere a 1974. Sana'ar ta bunƙasa har mutanen gari suka laƙaba wa wani wurin masu tsire a unguwar sunan "Ma'aikatar Soya", kamar wani ofishin gwamnati.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransawa suka karɓi mulkin yawancin ƙasar, suka mai da Yawunde hedkwata a farkon shekarun 1920. Jirgin ƙasa daga Duwala ya iso birnin a 1927. Leburori da ƙananan ma'aikata suka yi ta kwararowa, da yawansu ba tare da iyali ba. Gwauro kuwa dole ya nemi inda zai ci abinci. Sai mata suka fara fitowa da tukwane bakin hanya, suna sayar da fanke da wake da koko da safe, da rana kuma shinkafa ko rogo da miya. Irin wannan rumfa ana kiranta "tournedos", wato "juya baya", domin masu ci suna zama a kan benci sun bai wa titi baya.

Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, aka kafa jami'a a Yawunde a 1962, sannan aka fara haƙo man fetur a ƙarshen shekarun 1970. A wannan zamani na yalwa manyan gidajen abinci suka ƙaru, musamman a unguwar Bastos inda ofisoshin jakadanci suke. Akwai wani abinci da ake kira "poulet DG", wato "kazar babban darakta". Kaza ce da ake haɗawa da kayan lambu da agada, babbar ayabar nan da ake soyawa. Sunan kaɗai ya isa ya nuna irin mutanen da ke iya sayensa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka canza. Farashin mai da koko da kofi ya faɗi a kasuwannin duniya, gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1988, aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sallami ma'aikata. A 1993 aka zabtare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada ƙwarai. Magidanta da yawa suka kasa ciyar da iyalinsu da albashi kaɗai.

A nan ne mata suka tashi tsaye. Mace takan ɗauki kuɗin adashi ta yi jari, ta jera kujeru a falonta ko a tsakar gida, ta fara dafa abincin sayarwa. Irin wannan gida ana kiransa "circuit" ko "chantier". An san su tun kafin lokacin, amma matsin ne ya sa suka yawaita. Sau da yawa ba su da allon suna a ƙofa, sai wanda ya sani ya kai wanda bai sani ba. A can ake samun gasasshen kifi da bobolo, wato ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye, da kuma ndole, miyar shuwaka da gyaɗa ta mutanen Duwala. Da ribar waɗannan tukwane aka biya kuɗin haya da kuɗin makarantar yara a gidaje masu yawa.

Amma sana'ar ba ta da tabbas. Bayan da Gilbert Tsimi Evouna ya zama shugaban hukumar birnin a 2005, an rushe rumfuna da gine-gine da dama waɗanda aka ce an yi su ba bisa ƙa'ida ba. A watan Maris na 2020 kuma, saboda annobar korona, gwamnati ta umarci gidajen abinci su riƙa rufewa da ƙarfe 6 na yamma, lokacin da ciniki ya fi kankama. Wasu masu abinci suka koma karɓar oda ta WhatsApp, suna aika abincin da ɗan acaɓa.

Saboda haka, idan aka ga sabon gidan abinci ya buɗe a Yawunde, ba lallai ba ne a ce kuɗi sun ƙaru a gari. Wani lokaci alama ce ta cewa wani iyali ya rasa albashi, uwar gida kuma ta ɗora tukunya domin a rufa asiri.