Rikicin Tarayya da Larduna a Kan Takardun Digiri a Pakistan

Pakistan ƙasa ce mai tsarin tarayya, kuma tana da larduna huɗu: Punjab, Sindh, Balochistan da Khyber Pakhtunkhwa. Galibin jami'o'in ƙasar majalisun larduna ne suke kafa su da doka. Amma hukumar da take tabbatar da ingancin takardar digiri ta gwamnatin tarayya ce. Wannan rabon aiki shi ne tushen rikicin.

A shekarar 2002 gwamnatin Janar Pervez Musharraf ta kafa Hukumar Ilimi Mai Zurfi, wadda aka fi sani da HEC, aka naɗa Farfesa Atta-ur-Rahman ya shugabance ta. Dokar da ta kafa ta ta ba ta ikon raba wa jami'o'i kuɗi da kuma amincewa da digirori na gida da na waje. A wannan shekarar ce kuma Musharraf ya shar'anta cewa sai mai digiri zai tsaya takarar majalisa. Nan da nan takardar jami'a ta zama tsanin hawa mulki, wasu 'yan siyasa suka nemo na jabu. Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi a 2008, amma fa an riga an yi zaɓe biyu a ƙarƙashinsa.

A watan Afrilu na 2010 Shugaba Asif Ali Zardari ya sa hannu a kan gyara na 18 da aka yi wa tsarin mulkin 1973. Gyaran ya soke jerin ayyukan da tarayya da larduna suke yi wa doka tare, harkar ilimi ta koma hannun larduna. Sai dai an bar wa tarayya ikon tsara ma'aunin inganci a manyan makarantu. Daga nan kowane ɓangare ya riƙe ayar da ta yi masa daɗi. Larduna suka ce tunda ilimi nasu ne, jami'a da digirinta nasu ne. Masu goyon bayan HEC suka ce amincewa da digiri magana ce ta inganci, don haka ta tarayya ce.

Ana cikin haka, a 2010 ɗin dai, Kotun Ƙoli ta ba da umurnin a binciki takardun 'yan majalisa, aikin tantancewa ya faɗo a kan HEC. Binciken ya tona asirin mutane da dama. Babban ministan Balochistan, Nawab Aslam Raisani, har cewa ya yi digiri digiri ne, ko na gaske ko na jabu. Saboda haka, da gwamnati ta bayyana shirin rarraba ayyukan hukumar a 2011, malamai da ɗalibai da yawa sun ɗauke shi a matsayin ramuwar gayya, suka yi zanga-zanga. A watan Afrilu na 2011 Kotun Ƙoli ta ce hukumar ta ci gaba da aikinta muddin ba a sauya dokarta ba.

Larduna ba su haƙura ba. Sindh ta yi dokar kafa tata hukumar ilimi mai zurfi a 2013, Punjab ta bi sawu a 2014. Duk da haka hatimin tantancewa ya zauna a Islamabad, babban birnin tarayya.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗalibi. Yana iya yin shekara huɗu a jami'ar da lardinsa ya kafa bisa doka, amma idan HEC ba ta amince da kwas ɗin ko reshen da ya yi karatun ba, ba za ta buga wa takardarsa hatimi ba. Ba tare da hatimin ba kuwa, da wuya ya sami aikin gwamnati ko gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje.