Nawa firiji mai tsimin wuta ke ci a wata? Yadda ake lissafin kuɗinsa

Firiji na cikin kayan lantarki ƙalilan da ba a kashewa a gida, dare da rana, matuƙar akwai wuta. Saboda haka ko da wutar da yake ja a awa ɗaya ba ta kai ta dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa ba, abin da yake tarawa a shekara yana da yawa. Tun bayan da aka ƙara kuɗin wuta ga wasu masu amfani da ita a 2024, wannan lissafi ya zama abin da magidanta da masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ke buƙatar sani kafin su sayi firiji.

Ma'aunin da ake biya

Kamfanonin rarraba wutar lantarki suna sayar da wuta ne da yunit. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 za ta ci idan ta yi aiki na awa ɗaya, kuma shi ake rubutawa da haruffan kWh a jikin mita da kayan lantarki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ƙarfin wat da aka rubuta a bayan firiji a ninka shi da awa 24. Injin firiji ba ya aiki babu tsayawa. Yakan tashi idan cikin ya fara ɗumi, ya tsaya idan sanyi ya kai yadda aka saita. Alal misali, firiji mai wat 100 da injinsa ya yi aikin awa takwas jimilla a yini zai ci kashi takwas cikin goma na yunit, wato yunit 24 a wata. Da an ninka da awa 24, da an samu yunit 72, ninki uku na gaskiya.

Don haka adadin da ya fi amfani shi ne yawan yunit da firijin ke ci a shekara, wanda ake bugawa a takardar da ke manne a ƙofar sabon firiji. Matsakaicin firijin gida na zamani mai tsimin wuta yakan ci tsakanin yunit 150 zuwa 250 a shekara, yayin da tsohon firiji mai girma ɗaya da shi kan iya cin ninki biyu ko uku na hakan.

Farashin yunit

Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata su samu a kullum: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa takwas, E kuma awa huɗu. A watan Afrilun 2024 hukumar ta ɗaga farashin yunit na rukunin A zuwa Naira 225. An rage shi zuwa Naira 206 da kwabo 80 a watan Mayu, sannan a watan Yuli kamfanoni da dama suka mayar da shi Naira 209 da kwabo 50. Sauran rukunan suna biyan ƙasa da haka sosai, kuma farashinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Farashi na canjawa, don haka abin dogaro shi ne adadin da ke kan rasit ɗin sayen wuta na baya-bayan nan.

Lissafin

Ana ninka yunit ɗin shekara da farashin yunit, a raba gida 12. Idan aka ɗauki farashin Naira 209 da kwabo 50, firiji mai cin yunit 200 zai ci N41,900 a shekara. Da an ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuɗin zai kai kimanin N45,000, wato kusan N3,750 a wata. Tsohon firiji mai cin yunit 600 kuwa zai ci kimanin N135,000 a shekara, ko N11,260 a wata. Bambancin ya kai N90,000 duk shekara. Firijin gwanjo da aka saya da rangwamen N180,000 zai cinye wannan rangwame cikin shekara biyu a gidan da ke rukunin A.

A gidan da ake biyan, a ce, Naira 65 kan yunit, firijin farko zai ci N13,000 a shekara kafin haraji, don haka za a fi daɗewa kafin tsimin ya mayar da kuɗin saye. Wanda ba shi da mita, ake kawo masa takardar ƙiyasi, ba zai ga tsimin a aljihunsa ba sai ya samu mita. Amma mai amfani da sola ko janareta zai gani nan take, domin firiji mai tsimi yana buƙatar ƙaramin batiri da faranti kaɗan.

Zafin gari yana ƙara kuɗi

Adadin da ke kan takarda an auna shi ne a ɗakin gwaji. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, injin yakan daɗe yana aiki, cin wuta kuma ya ƙaru. Masu ƙera firiji suna sa masa alamar yanayin da ya dace da shi: N na jure zafi har digiri 32, ST har 38, T kuma har 43. Yawancin firijin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai an ƙera su ne domin ƙasashen sanyi, shi ya sa suke wahala a nan. Mai saye ya nemi ST ko T.

Yadda za a rage

A saita ɓangaren abinci tsakanin digiri 3 zuwa 5, ɓangaren ƙanƙara kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Sanyin da ya wuce haka asarar wuta ce. A nisanta firiji da murhu da hasken rana, a bar sarari tsakaninsa da bango domin iska ta ratsa, a riƙa share ƙurar hunturu da ke taruwa a bayansa. Kada a sa tuwo ko miya da zafinsu. A narkar da ƙanƙarar da ta yi kauri a jikin bangonsa. A gwada robar ƙofa ta hanyar matse takarda a ciki: idan ta zare cikin sauƙi, robar ta saki, sanyi na fita.

Idan an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na kimanin awa huɗu, firiza cikakkiya kuma har awa 48.

Mai mitar kati zai iya auna firijinsa da kansa. Ya kashe duk sauran kayan wuta da dare, ya rubuta yunit ɗin da ya rage, ya sake dubawa bayan awa takwas na wuta ba yankewa. Bambancin, idan aka ninka shi uku, shi ne mafi ƙarancin abin da firijin ke ci a yini, tunda da rana zafi ya fi yawa kuma an fi buɗe ƙofa.