Ƙwallon Tana Hannun Wa? Tarihin Laifi da Hukunci a Ƙwallon Kwando

A ƙasar Zuru, inda kokawa ta daɗe cikin al'adun Dakarkari, kama mutum ba laifi ba ne, shi ne ma wasan. Yaron da ya tashi yana kallon 'yan kokawa a lokacin Uhola ya san cewa wanda ya iya riƙo, ya iya sa ƙafa, shi ake yi wa guɗa. Amma ran da wannan yaron ya taka filin ƙwallon kwando na makarantarsu, sai ya tarar duk abin da ya sani ya haramta: riƙo laifi, turi laifi, sa ƙafa laifi. Wannan kam ana saurin gane shi. Abin da ke rikita mu, 'yan wasa da 'yan kallo, shi ne hukuncin. Mutum biyu su yi turi iri ɗaya a zango ɗaya, alƙalin wasa ya busa wa kowannensu usur, amma a na farko a ba da jifa biyu, a na biyu kuwa a ce a jefo ƙwallo daga gefen fili kawai. Nan take sai ka ji an fara: alƙali ya karɓi na goro, alƙali ɗan unguwarsu ne.

Sau da yawa alƙalin yana kan daidai. Kafin ya yanke hukunci, tambaya ɗaya yake yi wa kansa: a lokacin da aka yi laifin, ƙwallon tana hannun wace ƙungiya? Wannan tambaya tana da tarihi, kuma wanda ya san tarihin ba zai sake jifan alƙali da zargi a kanta ba.

Wasan da aka ƙirƙira don gudun dambe

A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na Amurka, aka umarci wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, ya samo wa ɗalibansa wasan da za su yi a cikin ɗaki, saboda hunturu ya hana fita. Ɗaliban su 18 ne, ƙarti majiya ƙarfi da suka saba da wasannin kayar da juna. Naismith ya lura cewa abin da ke jawo kayarwa shi ne gudu da ƙwallo a hannu, don haka ya hana gudun. Ya kuma rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, tsayin ƙafa 10, domin wanda zai ci ya dogara da saiti, ba da ƙarfin tuwo ba. A wata hira da aka yi da shi a rediyo a 1939, ya ba da labarin yadda wasan farko ya rikiɗe ya koma naushi da shuri, har wani ya goce kafaɗa.

Dokokinsa guda 13 ne, an buga su a watan Janairun 1892. Ta biyar ta haramta bangaza da kafaɗa, riƙo, turi, sa ƙafa da duka. Wanda ya yi sau biyu sai ya koma gefe har sai an ci ƙwallo ta gaba. Ta bakwai ta ce idan ƙungiya ta yi laifi uku a jere, ba tare da abokan karawarta sun yi ko ɗaya a tsakani ba, a rubuta wa abokan karawar ci ɗaya. Ke nan tun ranar farko laifi yana da fuska biyu: akwai bashin da ɗan wasa ke ci a kansa, akwai kuma wanda yake jawo wa ƙungiyarsa.

A 1894 aka shigo da jifan daga kai sai kwando, wato a tsayar da wasa, mutum ya tsaya kan layi ya jefa ba mai tare shi. Ba a jima ba ƙungiyoyi suka gano ƙofa: kowace ta ware gwaninta guda, duk wanda aka yi wa ƙeta, gwanin ne zai zo ya jefa. Sai a wajen 1924 aka toshe wannan, aka ce wanda aka yi wa laifin shi zai jefa da hannunsa. Haka kuma, a da bayan kowane ci sai an koma tsakiyar fili alƙali ya cilla ƙwallo sama, abin da ya sa ƙungiyar da ke da dogo guda take iya wuni da ƙwallo. A 1937 aka soke wannan a Amurka, aka ce wanda aka ci shi ke da ƙwallo.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan tafiya. Duk sharaɗin da ka tarar a tsohuwar manhaja, wanda ya yi maka kama da shirme, to wani ne ya taɓa samun ɓaraka a wurin, aka bi aka yi faci. Littafin dokokin ƙwallon kwando ma faci ne a kan faci.

Daren da aka tashi 19 da 18

Ɓaraka mafi girma ta bayyana ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Babu dokar da ta tilasta wa mai riƙe da ƙwallo ya jefa ta. Saboda haka da zarar ƙungiya ta shiga gaba, sai ta yi ta miƙa wa juna ƙwallo har lokaci ya ƙare. A ranar 22 ga Nuwamban 1950, ƙungiyar Fort Wayne Pistons ta je gidan Minneapolis Lakers, ta ƙi jefa ƙwallo don tsoron dogonsu George Mikan, aka tashi 19 da 18. Har yau babu wasan NBA da aka tashi da makin da ya kai wannan ƙaranci.

Wanda ke baya kuma me zai yi? Hanya ɗaya ta rage masa: ya yi laifi da gangan, a ba abokin karawa jifa, shi kuma ƙwallo ta dawo hannunsa. Laifi ya zama ciniki mai riba. Ɗaya ɓangaren shi ma sai ya rama, ƙarshen wasa ya koma tattaki daga wannan layin jifa zuwa wancan, 'yan kallo suna hamma.

A 1954 NBA ta yi gyara biyu a lokaci guda. Na farko agogon jifa. Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse Nationals, shi ya tsaya kai da fata a kansa, kuma lissafin mai sauƙi ne: wasa minti 48 ne, wato sakan 2,880, wasa mai daɗin kallo yakan ƙunshi jifa kamar 120, idan aka raba, kowane jifa ya samu sakan 24. Na biyu kuwa iyakance laifin ƙungiya a kowane zango, wanda ya haura a ƙara wa abokin karawarsa jifa. Gyaran farko ya hana mai ƙwallo kwanciya a kanta, na biyu ya sa laifi ya yi tsada. A kakar da ta biyo baya, matsakaicin makin ƙungiya a wasa ya tashi daga 79.5 zuwa 93.1.

Amma agogon ya zo da nasa aikin. Idan za a ƙirga wa ƙungiya sakan 24, dole a san daidai lokacin da ƙwallo ta zama tata da lokacin da ta daina zama tata. Daga nan batun mallakar ƙwallo ya tashi daga abin da ido ke gani kawai, ya zama abin da doka ke fayyacewa kalma bayan kalma.

Yadda dokar ta iso mu

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, an kafa ta a birnin Janeba a 1932, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Balin a 1936. FIBA ta ɗauki agogon sakan 30 a 1956, sannan a 2000 ta rage shi zuwa 24, ta kuma raba wasa zango huɗu na minti 10. Nijeriya ta shiga FIBA a 1964, shi ya sa dokokinta ne ake bi a gasanninmu.

Arewa ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A 1978, lokacin Zuru tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, aka yi gasar wasannin kwalejojin horar da malamai a birnin Shehu. Cikin 'yan wasan Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15 mai buga ƙwallon hannu, aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Shi ne Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. A Zariya, koci Oliver Johnson, Ba'amurke, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta lashe gasar ƙasa sau da dama. 'Yan matanmu na D'Tigress kuwa, ƙarƙashin Rena Wakama, su ne tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a ƙwallon kwandon Olamfik, a Faris a 2024.

Abin da dokar ta ce a yau

A dokar FIBA, ƙungiya ta mallaki ƙwallo daga lokacin da ɗan wasanta ya riƙe ta, ko yake tafe yana buga ta da ƙasa, ko aka miƙa masa ita don ya jefo daga gefe ko ya yi jifan daga kai sai kwando. Mallakar ba ta yankewa don ƙwallo tana iska tsakanin abokan wasa biyu. Ko da abokin karawa ya kai hannu ya taɓa ta, ta gangara ƙasa kowa yana wawaso, har yanzu ta masu ita ce, agogonsu kuma yana ci gaba da tafiya. Taɓawa ba mallaka ba ce. Abu uku ne kaɗai ke yanke ta: abokin karawa ya kama ƙwallon sosai, ko a tsayar da wasa, ko ta bar hannun mai jifa zuwa kwando.

Sai batun ƙirga. Ɗan wasa ya yi laifi biyar, ya fita ke nan. Ƙungiya kuma idan ta tara laifi huɗu a zango, daga na biyar kowane laifi yana jawo jifa biyu, ko da wanda aka yi wa ba ya cikin jifa. Togaciyar ita ce: idan mai laifin ɗan ƙungiyar da ke da mallakar ƙwallo ne, ba a ba da jifa. Ana rubuta masa laifin, a ƙwace ƙwallon, a ba abokan karawa su jefo daga gefe. Wannan togaciya ba ta shafi laifin rashin ɗa'a ko ƙeta mai muni ba, su nasu hukuncin daban ne.

Hikimar a fili take. Mai tsaro da ya yi laifi ba shi da abin da za a karɓe masa, hannunsa wayam ne, don haka sai an ci shi tara da jifa. Mai kai hari kuwa yana riƙe da abu mafi daraja a filin, wato damar ci. Karɓe ta ya isa hukunci. A haɗa masa da jifa biyu, an yi masa bulala biyu kan laifi ɗaya.

Yanzu mu koma ga turin nan guda biyu. A ce ƙungiya ta riga ta cika laifi huɗu. Ɗan wasanta ya ture mai tsaro yayin da ƙwallo ke iska tsakanin abokansa: mallaka tana nan, babu jifa. Bayan minti ɗaya abokinsa ya jefa ƙwallo kwando, ta daki ƙarfe ta dawo, shi kuma ya ture wani wajen rububin kama ta. A wannan karon ƙwallon ta riga ta bar hannun mai jifa, ba ta kowa ba ce, togaciyar ba ta rufe shi ba: jifa biyu. Turin ɗaya ne, matsayin ƙwallon ne ya bambanta. Wannan layin ne kuma ke raba ci da rashin ci: wanda ya bangaje mai tsaro kafin ya saki ƙwallo, ko ta shiga an soke, wanda ya saki sannan ya bangaje, idan ta shiga an ƙirga, laifin kuma an rubuta.

Littafi biyu a fili ɗaya

Wani abin da ke ƙara rura gardama a filayenmu shi ne wayar hannu. Yaro a Zuru ko Yawuri ko Birnin Kebbi yana kallon gutsattsarin wasannin NBA dare da rana, amma gasar da zai buga ta FIBA ce. A NBA zango minti 12 ne, sai laifi shida ake fita, kuma laifin mai kai hari ba ya shiga lissafin laifukan ƙungiya. A FIBA yana shiga lissafin, jifa ne kawai ba a bayarwa. Mutum biyu za su iya yin musu har maƙogwaro ya bushe, kowanne da gaskiyarsa, don kowanne littafin da yake karantowa daban.

Maganin ba shi da tsada. Littafin dokokin FIBA yana intanet kyauta, kuma sassan da suka yi magana kan mallakar ƙwallo da laifukan ƙungiya ba su da tsawo. Malamin wasanni da zai zauna da yaransa rabin sa'a a kansu kafin gasar makarantu ya rage wa alƙali zagi, ya kuma koya wa yaran lokacin da laifi ke da araha da lokacin da yake da tsada, wanda shi ne rabin dabarar minti biyun ƙarshe. Kyaftin-kyaftin da ke shirya wasan unguwa su ma su amince tun kafin a cilla ƙwallo sama: yau da wane littafi za mu yi?

Facin bai ƙare ba. A ƙarshen shekarun 1990 masu horarwa suka gano cewa yi wa wanda bai iya jifan daga kai sai kwando ba laifi da gangan, irin su Shaquille O'Neal, ya fi barinsa ya kai hari riba, NBA kuma ta yi ta gyara doka a kan haka har zuwa 2016. Gobe ma wani koci zai gano wata ɓarakar, a sake zama a toshe. Kafin nan, duk lokacin da usur ya yi ƙara, mu fara duba inda ƙwallon take kafin mu duba fuskar alƙali.